Waiwaye: yadda aka fara gwada saurin kamawar man gas a inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar mota da asuba lokacin hunturu ya san abin da zan faɗa, direba ya murza makulli, inji ya yi ta ƙugi yana ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe da guduma, farin hayaki ya turnuƙe wajen, ka ji yaron mota ya ce "oga man nan fa ba shi da kyau". Sau da yawa kuwa gaskiyarsa ne. Injin gas ba shi da filogi irin na fetur, iska yake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ya feso mai, man ya kama da kansa. To tsakanin fesowar da kamawar akwai ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba, in ya yi tsawo sai mai ya taru a silinda ya tashi gaba ɗaya, ƙarar nan da kake ji ke nan.

Rudolf Diesel ya samu injinsa ya yi aiki sosai a Jamus a 1897, amma an kwashe sama da shekara 30 ba wani ma'auni da kowa ya yarda da shi na wannan jinkirin. Masu fetur ne ma suka fara shiga gaba. A Amurka kamfanonin mota da na mai suka haɗa wani kwamitin binciken mai da ake kira CFR, kamfanin Waukesha na jihar Wisconsin ya ƙera musu ƙaramin inji mai silinda ɗaya tal wanda aka nuna a 1929, amfaninsa shi ne ana iya ƙara masa matsi ko a rage yana cikin aiki. A 1932 sai wasu masu bincike biyu na kamfanin Shell a garin Delft na ƙasar Holan, Boerlage da Broeze, suka kawo shawarar a riƙa gwada gas da cakuɗen sinadarai biyu, ɗaya mai saurin kamawa ɗaya mai taurin kai. Mai saurin kamawar da suka fara da shi ba ya jure ajiya, shi ya sa aka koma kan wani sinadari mai suna siten aka ba shi maki 100, mai taurin kan kuma alfa-metil-naftalin aka ba shi sifili. Hukumar ASTM, mai tsara ƙa'idojin gwaji a Amurka, ta amince da tsarin a 1941 da lamba D613, sannan a 1962 aka sauya na ƙasan da heftametilnonen mai maki 15.

Yadda ake gwajin shi ne abin da ya fi burge ni wallahi. Injin nan mai silinda ɗaya yana juyi 900 a minti, yana shan mililita 13 na mai a minti, ana feso man saura digiri 13 na juyin injin fistin ya kai ƙololuwa, sai ma'aikaci ya kama wani ɗan sitiyari a gefen kan injin ya riƙa juyawa a hankali, yana ƙara matsi yana ragewa, idonsa a kan mita, har sai man ya kama daidai lokacin da fistin ya kai sama. Ya rubuta inda sitiyarin ya tsaya. Daga nan ya zuba cakuɗe biyu da aka san makinsu, ɗaya sama da man ɗaya ƙasa, ya maimaita, ya duba inda nasa ya faɗo a tsakani. Lambar siten ke nan. Turai sun ce kada gas ɗin mota ya gaza 51, Amurka kuma 40.

Injin dai akwai tsada, ga cin lokaci, ga shi sai ƙwararre, kuma ɗakin gwaji biyu kan iya samun ɗan bambanci a kan mai ɗaya. Don haka aka ɓullo da hanyar lissafi daga nauyin man da zafin da yake tafasa, ba sai an ƙona komai ba. Ni dai a nan nake da ja, domin lissafin nan ba ya ganin sinadarin ƙara siten da ake zubawa, irin su 2-etilheksil naitiret, kuma bai dace da man da aka yi daga tsirrai ba, amma sai ka ga an miƙa wa mai saye takarda yana ɗauka an gwada man a inji ne. A farkon shekarun 2000 aka shigo da na'urar IQT, wani rufaffen ƙoƙo ne mai zafi da matsi da ake fesa ɗan mai a ciki a auna jinkirin kai tsaye, ba fistin ba juyi. Ta sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma har yau in mai sayarwa da mai saye suka yi gardama a kan lambar, dokar gas ta Amurka da ta Turai duka injin nan mai silinda ɗaya suka ce a koma wa ya raba gardama.