Ya yanke jiki ya faɗi: me ke faruwa idan zuciya ta tsaya farat ɗaya?

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wani maƙwabcinmu tela ya rasu a majalisar shayi bayan la'asar. Kofi na hannunsa, yana tsakiyar ba da labari, sai magana ta yanke, ya sulale gefen tabarma. Aka kwara masa ruwa, wani ya dinga yi masa fifita da kwali, wani ya ruga neman albasa. Ya ja wani irin minshari sau biyu ko uku, aka ce alhamdu lillahi, yana numfashi. Kafin a samu mai moto (babur), a ɗora shi a tsakiya ƙaninsa ya tallabe shi ta baya, a isa asibiti, an ci rabin sa'a. Likita ya duba ya ce sai haƙuri.

Ba na wurin. Amma da yake aikin jinya nake yi, kwana ukun zaman makoki na sha tambayoyi. Ga waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

"Malam, da shi fa muka yi sallah, lafiyarsa ƙalau. Ta yaya zai faɗi haka kawai?"

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini wajen lita 5 kowane minti idan mutum na hutawa. Lantarki ke tafiyar da ita, nata na kanta. Akwai wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama da ke sakin tartsatsi, tartsatsin ya bi hanyarsa zuwa ɗakunan ƙasa, su matse a tare, jini ya fita.

Ranar da lantarkin nan ya rikice, kowane zaren tsoka sai ya kama gabansa. Wanda ya taɓa sammako wurin mahauta ya ga naman sa da aka feɗe yanzu yana ɓari shi kaɗai a kan tebur, to ya ga kamannin abin. Motsi akwai, amma ko cokali ɗaya na jini ba ya fita. Wani lokacin kuma shiru zuciyar take yi ɗungurungum. Ko wanne ne a ciki, jini ya daina zagaya.

Batun "lafiyarsa ƙalau" kuwa, galibi akwai ciwo a kwance wanda ba a gano ba. Daga baya na ji cewa marigayin ya daɗe da hawan jini, yakan sha magani ne kawai idan kai ya sara masa.

"Ba shi ne ciwon zuciyar da ake faɗa ba, wanda ƙirji ke riƙewa?"

'Yan uwan juna ne, amma ba ɗaya ba ne. A wancan, ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya ce take toshewa. Mutum yana cikin hayyacinsa, yana jin kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji, gumi na karyo masa, zafin na sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Mata da masu ciwon suga wani lokacin a saman ciki suke jin sa, a ce olsa ce, a jiƙa kanwa. Zuciyar tana aiki har yanzu. Sai dai toshewar nan ita ce ta fi jawo rikicewar lantarki ga manya, don haka mai irin wannan ciwon ƙirji asibiti ake kai shi nan take, ba a jira gari ya waye.

"Daga faɗuwarsa zuwa cikawarsa, me ke faruwa a cikin jiki?"

Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da muke shaƙa, kuma ba ta da rumbu. Da jini ya yanke mata, cikin sakan 10 ko ƙasa da haka hankali ya gushe. Shi ya sa mutum ba ya ko kare fuskarsa da hannu idan zai faɗi. Kafin rabin minti, na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa takan nuna aikin ya kwanta.

A wannan ɗan tsakanin jiki na iya sandarewa, hannu ko ƙafa su fizga na 'yan sakanni, har a ce farfaɗiya ce ko iska. Fitsari na iya kufcewa. Baƙin ido ya buɗe. A fatarmu ba a saurin ganin canjin launi, amma leɓe da harshe sukan koma toka-toka.

Duk da haka mutumin bai mutu ba tukuna, kuma nan ne nake so a tsaya a yi tunani. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun daina aiki, amma ba su lalace ba. Lalacewar takan soma ne daga minti na 4 zuwa na 6. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a taɓa ƙirjinsa ba, damar tashinsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ita ma zuciyar ɓarin nata yana yin sanyi har ya ɗauke. Idan aka kai minti 10 hannu biyu a naɗe, da wuya a dawo da mutum, idan ma ya dawo sau da yawa ƙwaƙwalwa ta taɓu. Minti goma ke nan, ko shayin farko bai nuna ba.

"To ai mun ji shi yana numfashi!"

Ƙanin marigayin ne ya faɗi wannan, ya maimaita ya fi sau uku, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan minshari ba numfashi ba ne. Gindin ƙwaƙwalwa ne ke yin yunƙurin ƙarshe da ya ji iska ta yanke: baki ya wangale, a ja iska da kakari, a yi shiru mai tsawo, a sake ja, kamar kifin da aka jefo kan yashi. Mu da jin haka sai mu ce gargara ce, a juya shi gabas, ko kuma mu ce da sauƙi tunda yana numfashi. Alhali alama ce cewa zuciyar ba ta daɗe da tsayawa ba, kuma masu wannan kakarin sun fi samun tashi idan aka kama aiki a lokacin.

Mai suma na zafi ko na yunwa ƙirjinsa na hawa da sauka daidai, kuma yakan farfaɗo kafin minti ɗaya ko biyu. Mai farfaɗiya idan jijjigar ta lafa numfashinsa na dawowa. Wanda ka girgiza kafaɗarsa, ka kira sunansa da ƙarfi bai motsa ba, ka kalli ƙirjinsa sakan 10 ba ka ga numfashin kirki ba, ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Kada ka ɓata lokaci kana laluben jijiya a wuyan hannu, mu kanmu ma'aikata mukan ruɗe da wannan a cikin tashin hankali.

"Ɗana, ya ji zafi? Ya ji kukan da ake yi a kansa?"

Mahaifiyarsa ce ta aiko a kira ni cikin gida ta yi mini wannan tambaya. Na ce mata, Inna, zafi dai a'a. Jin zafi sai da ƙwaƙwalwa a farke, tasa kuwa ta kwanta kafin ya kai ƙasa. Mafi yawan waɗanda aka ceto ba sa tuna komai. Wani zai ce ya ji jiri ko duhu ya rufe masa ido, sai farkawa ya yi a gadon asibiti.

Amma ba duka ba. A Holan, wani likitan zuciya mai suna Pim van Lommel ya bi mutum 344 da aka farfaɗo da su, ya fitar da sakamako a 2001: 62 daga cikinsu sun ba da labarin wani abu da suka gani ko suka ji, kamar natsuwa mai yawa, haske, ganin 'yan uwan da suka rasu, ko jin kamar suna kallon jikinsu daga sama. A 2014 Dakta Sam Parnia da abokan aikinsa suka fitar da nasu daga asibitoci 15 na Ingila, Amurka da Ostiriya. Cikin mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya, 330 suka rayu, aka yi hira da 140, kusan huɗu cikin goma suka ce sun san akwai wani abu da suka ji a lokacin, ko da ba za su iya fayyace shi ba. Wasu tsoro suka tuna, ba natsuwa ba. A kashi na biyu na binciken, a 2023, an ga lantarkin ƙwaƙwalwar wasu yana ɗan farfaɗowa ana tsakiyar danna musu ƙirji, har bayan fiye da rabin sa'a.

Likitoci na ta jayayya kan ma'anar wannan. Ni dai ba na ɗaukar sa hujjar abin da ke bayan mutuwa, domin duk waɗanda suka ba da labarin dawowa suka yi, sha'anin ruhi kuwa ba na'ura ke auna shi ba. Abin da na ɗauka a ciki ƙarami ne: a iya baki a kan mutumin da ake ƙoƙarin cetowa. Mai son yi masa kalmar shahada ya durƙusa wajen kunnensa ya yi, mai dannawa na dannawa. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

"Da me ya kamata mu yi?"

A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ban da katifa. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira asibiti ko 'yan kwana-kwana (a Kamaru lambarsu 118), ka nemo mota mai buɗaɗɗen baya. Idan ka ce "wani ya kira", ba wanda zai kira. Sai ka durƙusa, ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, ka sake shi ya taso. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowane sakan. A asibitocinmu masaj kardiyak ake ce masa, tausar zuciya, amma sunan ya yi masa laushi, aikin ƙarfi ne. Bayan minti biyu hannu ya gaji, wani ya karɓa ba tare da an tsaya ba.

Haƙarƙari na iya karyewa, za ka ji ƙas a ƙarƙashin hannunka. Ci gaba, ƙashi na ɗoruwa. Dannawar ba ta tura jinin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na yadda zuciya ke yi, amma ɗan wannan ne ke riƙe ƙwaƙwalwa, kuma yana ninka damar rayuwa sau biyu ko uku. Ga babba, hannu kaɗai ya wadatar. Yaro kuwa, ko wanda aka tsamo daga Binuwai ko Logon, iska ce ta fara yanke masa, don haka bayan kowace dannawa 30 a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 2. Wanda wutar lantarki ta ja, a kashe wutar kafin a taɓa shi.

Ban da ɗura ruwa a baki, ban da cusa cokali, ban da zaunar da shi. Moto kuma, duk da ita ce motar asibitinmu ta yau da kullum, a nan cuta ce: mutum a zaune, ba mai danna masa ƙirji, duk tsawon hanya ƙwaƙwalwa ba jini. Idan mace ce ta faɗi kuma ba wata mace kusa da ta iya, namiji ya danna ta saman rigarta. Lalura ce.

"Na'urar nan da ake manna wa 'yan ƙwallo a ƙirji fa?"

Dannawa na sayen lokaci ne, na'urar ce ke gyara lantarki. Tana sakin wuta sau ɗaya mai ƙarfi, ta tsayar da ɓarin gaba ɗaya, don gurbin nan na asali ya sake karɓar ragama. Idan zuciya ta riga ta yi shiru gaba ɗaya, wutar ba ta da amfani. Ƙananan na jama'a, da za ka ga an rubuta DAE a jikin akwatinsu, su suke auna zuciyar da kansu, su faɗa maka abin yi da murya. Har yanzu ganinsu a kasuwanni da tashoshinmu sai an tona.

Ba Bakamaren da ya manta 26 ga Yunin 2003, ranar da ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi a tsakiyar fili a Liyon ta Faransa, minti na 72 na wasa da Kolombiya, yana da shekara 28. An yi ta fama ba a samu kansa ba, daga baya aka gano tsokar zuciyarsa ce ta yi kauri fiye da kima. Patrick Ekeng ma haka ya tafi a Bukares a 2016, yana da 26. Shi kuwa Christian Eriksen na Denmak da ya faɗi a 12 ga Yunin 2021, a filin aka danna masa ƙirji, aka buga masa wuta, bayan wata takwas ya koma taka leda. Fabrice Muamba a 2012 zuciyarsa minti 78 ba ta buga da kanta ba, ana dannawa ba fashi, kuma ya rayu. Kada dai a ruɗi kai: ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke tashi idan abin ya faru a wajen asibiti.

"Idan kwana ya ƙare, ba jayayya da ƙaddara ba ce wannan?"

Wani dattijo ne ya jefo mini ita, a tsanake. Na ce Baba, ba wanda ya san kwanan wa ya ƙare sai bayan an gwada. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba aka yi masa irin wannan tambaya, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Dattijon ya gyaɗa kai, bai ce ya yarda ba, bai kuma musa ba.

"Wa ya kamata ya ji tsoro?"

Mai hawan jini da ke wasa da magani, mai ciwon suga, mai shan taba, mai ciwon ƙoda. Wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata masa ƙofofin zuciya. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta, domin raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Sai samarin da ke haɗiyar tramol kamar gyaɗa, wanda yawansa kan tsayar da numfashi, zuciya ta bi baya.

Wasu nau'o'in kuma gado ne, irin na Foé na cikinsu. Matashin da ya taɓa suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko gidan da wani ya yi mutuwar fuju'a bai kai shekara 40 ba, su je a yi musu gwajin lantarkin zuciya (ECG) da hoton zuciya. A wurin makokin ne aka tuna cewa wan marigayin ma a gona ya faɗi, shekarun baya, aka ce rana ce ta buge shi. Na ce wa ƙanin ya kai yaran marigayin duka biyar a duba su, shi ma ya miƙa hannu a auna jininsa. Ya ce sai bayan sadakar arba'in.