Bindiga a ƙarƙashin riga: tarihin rigimar lasisi a Amurka

Ranar 23 ga Yunin 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wata dokar jihar New York da ta haura shekara ɗari tana aiki. Dokar ta ce duk mai son lasisin yawo da ƙaramar bindiga a jikinsa sai ya gamsar da hukuma cewa yana da dalili na musamman, wanda ya wuce na sauran jama'a. Tsoron 'yan fashi kawai bai isa ba. Zama a unguwar da ake yawan kisa ma bai isa ba. Alƙalai shida suka ce sharaɗin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, uku suka ƙi. Ana kiran shari'ar da sunan Bruen, wato Kevin Bruen, shugaban 'yan sandan jihar na lokacin. Hukuncin ya faɗo ne wata guda bayan an kashe ɗalibai 19 da malamai biyu a Uvalde ta jihar Texas, kuma ba a cika mako shida ba da harbe baƙar fata goma a wani kanti a Buffalo, cikin ita kanta New York ɗin.

Tushen rigimar jimla ɗaya ce tak, gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda aka tabbatar a 1791. Farkonta na maganar rundunar sa-kai mai tsari da ake buƙata don tsaron ƙasa, ƙarshenta kuma na cewa ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallaka da ɗaukar makami ba. Masu son takaita bindiga sun riƙe kan jimlar, masu son sakinta sun riƙe wutsiyar, kowa na ja.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Amurkawan dauri sun fi jin tsoron makamin da ke ɓoye fiye da wanda ke rataye. A ganinsu mutumin kirki yana saɓa bindigarsa kowa ya gani, mai cusa wuƙa ko libarba a ƙarƙashin riga kuwa akwai abin da ya ƙulla. Kentucky da Louisiana sun haramta ɓoye makami tun 1813. A 1822 babbar kotun Kentucky ta soke haramcin, a shari'ar wani mai suna Bliss da aka ci tara don ya ɓoye takobi cikin sandar dogarawa, amma jihar ba ta haƙura ba, sai da ta gyara nata kundin a 1850 ta ba majalisa ikon hanawa. Kotun Georgia a 1846 ta raba gardamar yadda akasarin kotunan zamanin suka raba ta: jiha na iya hana ɓoyewa, muddin ta bar mutum ya riƙe makaminsa a fili. Ita kanta Kotun Ƙoli ta faɗa a 1897, a gefen wata shari'a da ba ta shafi bindiga ba, cewa hana ɓoye makami bai taɓa gyara na biyu ba.

Lasisi kuwa tun farkonsa yana da wari. Bayan yaƙin basasa, Mississippi ta kafa doka a 1865 cewa bawan da aka 'yanta ba zai riƙe bindiga ba sai da izinin hukumar gundumarsa, izinin da kowa ya san ba za a bayar ba. Bayan shekara casa'in, a 1956, da aka jefa bam gidan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Montgomery, ya nemi lasisin ɗaukar bindiga a Alabama, aka hana shi. Wannan tarihi ne ya sa a shari'ar Bruen wasu lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn na birnin New York, waɗanda ba wanda zai ce 'yan ra'ayin riƙau ne, suka mara wa masu ƙara baya. Hujjarsu ita ce kusan duk wanda suke karewa kan laifin riƙe bindiga ba lasisi baƙar fata ne ko ɗan asalin Latin Amurka.

Dokar New York ɗin da aka rushe ta samo asali ne a 1911. Timothy Sullivan, ɗan majalisar dattawan jiha kuma jigo a ƙungiyar siyasar Tammany Hall da ke juya birnin a lokacin, shi ya ɗauki nauyinta, bayan an harbe marubuci David Graham Phillips da rana tsaka a Manhattan. A 1913 aka ƙara sharaɗin dalili na musamman. Jihohi da dama suka bi sahu, har ya zama a tsakiyar ƙarni na ashirin lasisin ɓoye bindiga a yawancin ƙasar yana hannun shugaban 'yan sanda ko alƙalin yanki, in ya ga dama ya bayar, in bai gani ba ka koma gida. Inda kuwa aka ce sai wanda oga ya ga dama, an san abin da ke biyo baya. A birnin New York attajirai da fitattu suna samu, direban tasi mai aikin dare ba ya samu, kuma a 2016 aka bankaɗo badaƙalar cin hanci a sashen ba da lasisi na 'yan sandan birnin.

Guguwar canji ta taso ne daga Florida a 1987. Da matsin lambar ƙungiyar masu bindiga ta NRA, jihar ta ce duk wanda ya cika shekaru, ba shi da tarihin babban laifi, ya yi horo, dole a ba shi lasisi, jami'i ba shi da ta cewa. Texas ta biyo baya ta hanya mai ciwo. A Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa da motarsa cikin gidan cin abinci na Luby's a Killeen ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita, iyayenta biyu kuma suka mutu a wurin. Ta riƙa ba da wannan labari gaban majalisu, a 1995 gwamna George W. Bush ya sa hannu kan dokar lasisi, ita kuma daga baya ta zama 'yar majalisar jihar. Daga nan wasu jihohin suka zarce, suka ce lasisin ma ba dole ba ne. Vermont dama ba ta taɓa neman sa ba. Alaska ta soke wajabcinsa a 2003, Arizona a 2010, Texas a 2021, Florida a 2023. Zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 sun koma haka.

Duk wannan a majalisun jihohi aka yi shi, Kotun Ƙoli ta daɗe tana kallo. Sai a 2008, a shari'ar Heller, alƙalai biyar cikin tara suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, ba sai yana cikin runduna ba, suka soke haramcin ƙananan bindigogi na birnin Washington. A 2010 shari'ar McDonald ta Chicago ta ɗaure jihohi da wannan hukunci. Amma duka biyun bindigar cikin gida suka shafa. Tambayar da ta rage ita ce ko haƙƙin yana bin mutum idan ya fita ƙofa. Illinois, jiha ta ƙarshe da ta hana kwata-kwata, kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta mata buɗe ƙofa, ta yi dokar lasisi a 2013. Saura jihohi shida masu tsarin ganin dama: New York, New Jersey, Kalifoniya, Maryland, Massachusetts da Hawaii.

Mai shari'a Clarence Thomas, da ya rubuta hukuncin Bruen, bai tsaya kan soke sharaɗin New York ba. Ya canza ma'aunin baki ɗaya. A da alƙali kan auna amfanin doka ga tsaron jama'a da irin takurar da take yi wa mai bindiga. Thomas ya ce a daina wannan awo. Gwamnatin da ke son takaita bindiga sai ta nuna cewa dokarta tana da 'yar'uwa a tarihin ƙasar, musamman zamanin 1791 ko kuma wajen 1868, lokacin da aka yi gyaran kundin da ya ɗaure jihohi. Mai shari'a Brett Kavanaugh da alƙalin alƙalai John Roberts suka ƙara bayani cewa jihohi 43 masu ba da lasisi ga duk wanda ya cika sharuɗɗa ba abin da ya taɓa su, binciken tarihin laifi da ɗaukar hoton yatsa da horo duk suna nan daram.

A nan ne, a ganina, hukuncin ya haifi matsalar da ta fi wadda ya warware. Cire ikon ganin dama daga hannun jami'i abu ne mai kyau, tarihin da ke sama ya isa shaida. Amma mayar da alƙalai masu tonon tsoffin kundaye wani abu ne daban. Wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya fito fili ya ce su ba masana tarihi ba ne, har ya tambayi lauyoyi ko ya ɗauko masani ya taya shi. Kotuna suka riƙa karanta takardu iri ɗaya suna fitar da hukunci mabambanta, kan shekarun mai neman lasisi, kan masu tsohon laifi, kan masu shan tabar wiwi. Da abin ya kai wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a karɓe bindigar mutumin da kotu ta hana kusantar tsohuwar budurwarsa saboda duka ba, sai Kotun Ƙoli ta ja birki. A shari'ar Rahimi, Yunin 2024, alƙalai takwas suka ce ba tagwaye ake nema a tarihi ba, kama ta isa. Wanda ya ƙi shi kaɗai shi ne Thomas, marubucin Bruen.

Jihohin da aka kayar ba su zauna ba. Tunda an hana su zaɓen wanda zai ɗauki bindiga, sai suka koma kan inda za a shiga da ita. Kwana takwas bayan hukuncin, gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan sabuwar doka: horon awa 16 a aji da awa biyu na harbi, mutum huɗu da za su shaidi halinka, jerin shafukanka na sada zumunta na shekara uku, sannan doguwar jerin wuraren da bindiga ba ta shiga ko da lasisi, irin su jirgin ƙasa na birni, makarantu, asibitoci, wuraren ibada, mashaya da dandalin Times Square. New Jersey, Maryland, Hawaii da Kalifoniya suka yi irin nasu. A Disambar 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta bar akasarin dokar New York a tsaye, amma ta jingine batun shafukan sada zumunta.

Ko yawan bindiga a aljihu na rage laifi ko ƙara shi, masana sun daɗe suna sa-in-sa. Masanin tattalin arziki John Lott ya yi suna a ƙarshen shekarun 1990 da cewa yana ragewa. Binciken John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa a 2019 ya gano akasin haka, cewa bayan shekara goma da sassauta lasisi laifukan tashin hankali kan ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. A ma'aunin Bruen dai irin waɗannan alƙaluma ba su da kujera a kotu, abin da mai shari'a Stephen Breyer ya fi kuka da shi ke nan a nasa ra'ayin na adawa.

Akwai kuma ciwon kan iyaka. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. A 2013 an kama wata uwa 'yar Philadelphia a New Jersey da bindigar da take da cikakken lasisinta na Pennsylvania, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai afuwar gwamnan New Jersey ce ta wanke ta a 2015.

Sharaɗin da ya fi jawo rigima a sabbin dokokin shi ne na shaguna da gidajen mai da wuraren cin abinci. A yawancin Amurka kana shiga da bindigarka sai in mai wurin ya liƙa sanarwar hanawa. New York da Hawaii suka juya abin: ba ka shiga sai mai wurin ya ce ka shigo. Masu bindiga suka ce wannan ya mayar da lasisin takardar banza, tunda mai shago kaɗan ne zai liƙa irin wannan gayyata. Kotun da ke duba New York ta dakatar da sharaɗin, wadda ke duba Hawaii ta amince da shi a Satumbar 2024, kuma a Oktoban 2025 Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar da wasu mazauna tsibirin Maui suka ɗaukaka. Da aka nemi Hawaii ta kawo 'yar'uwar dokarta daga tarihi, cikin abin da aka dogara da shi har da wata dokar Louisiana ta 1865, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa bayan yaƙin basasa don takura wa bayin da aka 'yanta.