Haɗin gwiwa: me kalmar take nufi, kuma gwiwar wa ake haɗawa?

Kunna rediyo da yamma a Maradi, da wuya a gama labarai ba ka ji ta ba. An buɗe aji uku a ƙauye kaza da haɗin gwiwar ƙungiya kaza. An raba gidan sauro da haɗin gwiwar wane da wane. Ta zama gishiri, babu miyar da ba a barbaɗa ta. Ma'aikatan furoje, wato ayyukan raya ƙasa na ƙungiyoyi, a ofisoshinsu da Faransanci suke kiranta, partenariat, in sun fito gaban jama'a su ce haɗin gwiwa. Tun da kuɗin waje suka fara ja baya, musamman bayan Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kiran kalmar ya ƙaru, don yanzu kowa neman abokin tafiya yake.

Bahaushe a gwiwa yake ajiye ƙarfinsa. Wanda ya samu goyon baya an ba shi ƙarfin gwiwa. Wanda ya karaya gwiwarsa ta yi sanyi. Ashe haɗin gwiwa haɗa ƙarfi ne, kowa ya zo da nasa a ɗora wuri ɗaya. Akwai kuma hoton zama a ciki: mutane bisa tabarma guda, gwiwa na taɓa gwiwa, ba wani kan kujera saura a ƙasa ba. Nan ya rabu da sadaka, wadda ake bayarwa don Allah ba a jiran komai, ya kuma rabu da tallafi, wanda hannu ɗaya ke miƙawa ɗaya ke karɓa. Ya fi kusa da gayya, inda kowa ke zuwa da hauyarsa, mai gona kuma ya dama fura.

A amfanin da ake yi da kalmar yanzu, yawanci ɓangare uku ake nufi: ƴan kasuwa da kamfanoni, ƙungiyoyin agaji, sai su mutanen garin da ake aikin dominsu. Kada a haɗa shi da kwangilar da gwamnati ke ƙullawa da kamfani a gina hanya ko kasuwa, shi ma haɗin gwiwa ake ce masa amma wani zance ne daban. Hukuma dai ba ta rasa hannu a ciki, don ba a haƙa rijiya a ƙauye magajin gari da maigari ba su sani ba.

Me kowa ke kawowa? Ɗan kasuwa yana da jari, da mota, da sito, ya san yadda kaya ke tashi daga Katsina su ratso Jibiya da Ɗan Isa su kwana a Maradi. Ƙungiya tana da sanin aiki da kuɗin farawa, kuma tana iya shiga abin da ba riba tukuna. Jama'a suna da fili, da ƙarfi, da sanin wurin, tunda mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Wannan kaso na uku shi ne ba a cika rubutawa a takarda ba, kuma a nan yawancin rigimar take.

Misalin da ya fi nuna abin a fili ya faru ne a nan gabanmu. Duk wanda ya yi wayo a 2005 ya tuna yunwar shekarar, bayan fara da ƙarancin ruwan damanar 2004. Kafin lokacin, yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi a asibiti ana ba shi madara ta musamman, uwa ta bar gida da sauran yara ta yi makonni tana jinya. Gadaje nawa ne za su ɗauki yaran jiha guda? Abin da ya sauya lissafin wani ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996. Gyaɗa ce aka niƙa da sukari da garin madara da mai da sinadaran gina jiki. Ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa, a yage baki yaro ya tsotsa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙa raba shi a Maradi da kewaye, yara dubbai suka warke a gidajensu.

Duba yadda aikin ya rabu. Kamfani ya yi kaya, kuma sayarwa yake, ba kyauta ba. Ƙungiya ta saya, ta auna yara, ta raba. Amma likitan gaskiya a wannan tsari uwa ce. Ita ke goyo ta taka daga ƙauye kowane mako, a auna hannun yaro da ɗan zaren nan mai ja da ɗorawa da kore, ta karɓi rabon mako, ta koma ta riƙa ba shi a kan lokaci, ta kuma hana yayyensa, waɗanda su ma ba ƙoshi suka yi ba. Cire ta daga lissafin, ƙunshin ya zama kaya a sito. Daga baya wani kamfani a Yamai, STA, ya samu izinin yin sa a cikin ƙasa, ƙungiyar likitocin gida FORSANI kuma ta shiga aikin a Madarunfa. Abin dariya da ban haushi a lokaci ɗaya, ƙasar da gyaɗa ta gina alhazanta ita ce ta jira maganin gyaɗa daga Turai. Kuma kowa ya taɓa ganin ƙunshin a faranti ana sayarwa a kasuwa, abin da ke nuna cewa in gida duka yunwa yake ji, maganin yaro ɗaya ba ya tsayawa ga yaro ɗaya.

Akwai kuma inda jama'a suka zama masu jarin da kansu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, ta ɗora kan adashen da mata suka saba. Ba ta zuba ko dala a asusun ba, tsari kawai ta koyar. Mata kamar talatin su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba mai buƙata rance ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli da mai, ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Na taɓa zama gefe ina kallon ƙungiyar innata. Akwatin ƙarfe a tsakiyar tabarma, kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ta huɗu ce ke ajiye akwatin a ɗakinta. Ana ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji, wadda ta makara ta biya tara ana yi mata tsiya. Tsarin nan ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma asusai da yawa sun ci gaba shekaru bayan motar furoje ta daina zuwa.

Sassaben zamani ma haka. Lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM, ya fara jan hankalin manoma a 1983 su bar tohon kututture ya girma maimakon sarewa, an haɗa abin da rabon abinci a yunwar 1984. Abinci na ƙarewa, da yawa suka sare itatuwan. Sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sayar da kirare, ya ga gero ya fi kyau ƙarƙashin gawo, sannan abin ya zauna, har ya mamaye kadada miliyoyi a Maradi da Damagaram.

To, ta yaya za a gane na gaske da na baki? Ni abu uku nake tambaya, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Wa aka tambaya kafin a yanke? In an riga an zaɓi wuri da kuɗi da ɗan kwangila sannan aka tara gari a yi tafi, wannan sanarwa ce. Sai kuma, me kowa zai samu? Ban ga laifin ɗan kasuwa ya ci riba ba, na ma fi yarda da wanda ya faɗi ribarsa ƙarara a kan wanda ya ce don Allah kawai yake yi alhali allon talla yake nema. Mai riba gobe ma zai dawo. Na ƙarshe, in baƙi sun tafi wa ke riƙe da makulli?

Wannan tambayar ƙauyenmu ne ya koya mini ita. Wata ƙungiya da wani kamfani sun haƙa mana famfo mai aiki da hasken rana. Mutanen gari suka ba da fili, samari suka yi kwanaki suna jidar yashi da tsakuwa a amalanke, mata suka ɗebo ruwan kwaɓi. Ranar buɗewa aka kafa allo mai tambari biyu, an rubuta sunan kowa da kuɗin da ya kashe, na gari babu. An naɗa kwamiti, amma ba a koya wa ko mutum ɗaya gyara ba, ba a kuma yanke abin da za a riƙa biya kan jarka ba, don an ce kyauta ce. Bayan shekara biyu injin ya tsaya. Muka kira lambar da ke jikin allon, aka ce furojen ya ƙare.

Wata bakwai mata suna komawa tsohuwar rijiya. Wanda ya warware mana shi wani mai shagon kayan sola ne a cikin Maradi. Ya ce zai kawo injin bashi, ya koya wa yaro ɗaya daga garin aikin, da sharaɗin a riƙa karɓar dala biyar kan kowace jarka, a biya shi wata-wata. Aka yi kwana biyu ana gardama a ƙofar maigari, har wani dattijo ya ce shi bai taɓa jin an sayar da ruwan sadaka ba. Daga ƙarshe matan asusu suka ce a riƙa zuba kuɗin jarkokin a akwatinsu su riƙe, tunda su ke da kwaɗo uku. An gama biyan mai shagon kafin kaka. Allon farko yana nan, rana ta cinye rubutun, yara suna shanya wanki a kansa.