Bayan shekara arba'in: amsoshin tambayoyinku kan Pilates da sassauta motsa jiki

Tambayoyin nan ba sa canzawa. A gidan biki a yi mini su, a waya a yi mini su, matan da nake koya wa motsa jiki su taho da wasu daga wurin mazajensu da yayyensu. Na tattara su wuri ɗaya don duk wanda ya sake tambaya in ce ya je ya karanta. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya shekara yana tambaya, ko sau ɗaya bai shimfiɗa tabarmar da ake Pilates a kai ya gwada ba.

Tambaya: Malama, tun ina firamare nake buga ƙwallo. Yanzu shekaruna 47. A kan me zan koma kwanciya a tabarma?

Amsa: A kan gwiwarka da agararka, Malam. Mutumin da ke zaune a ofis daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar ya ɗaura takalmi ya shiga fili a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya ce sai ya kara da sa'o'in ɗansa, shi ne ake ɗaukowa ranga-ranga. Tsinkewar agara ta fi samun irin waɗannan magidantan masu ƙwallon ƙarshen mako, kuma jinyarta watanni ce, wani lokacin har da tiyata. Tun daga wajen shekara 30 tsokar jiki ke raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma ga wanda ba ya aiki da ita. Ban ce ka bar ƙwallo ba. Ka buga da sa'o'inka, ka ɗumama jiki kafin ka shiga, sannan ka ba tabarma kwana biyu a tsakiyar mako don jikin da kake kai wa fili ya iya ɗaukar abin da kake ɗora masa.

Tambaya: Wai mene ne Pilates ɗin ma?

Amsa: Atisaye ne da ake yi a hankali, yawanci a kwance ko a durƙushe, ana daidaita shi da numfashi, don ƙarfafa tsokokin ciki da baya da ƙugu. Waɗannan tsokoki su ne ɗamarar da ke riƙe ƙashin baya. Wani Bajamushe, Joseph Pilates, ne ya tsara shi. An haife shi a 1883, ya yi dambe da wasan motsa jiki, Ingila ta tsare shi a sansani a tsibirin Man lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda shi ɗan Jamus ne, a can ya riƙa horar da waɗanda aka tsare su tare. A tsakiyar shekarun 1920 ya koma Amurka ya buɗe wurin koyarwa. Ya rasu a 1967.

Tambaya: Ba yoga ba ce? An ce akwai bautar wani abu a ciki.

Amsa: Ba ita ba ce. Yoga daga Indiya ta fito, tana da saiwa a addinan can. Wannan kuwa babu addu'a a cikinsa, babu kiran sunan kowa, babu fuskantar rana. Idan kika ci karo da bidiyon da aka cakuɗa su hankalinki bai kwanta ba, ki wuce shi ki nemi wani.

Tambaya: Ai wannan na mata ne.

Amsa: Ɗan dambe ne ya ƙirƙiro shi, maza ya fara horarwa. Ka gwada minti ashirin tukuna, Alhaji.

Tambaya: Zai sauke mini tumbi?

Amsa: A'a. Babu atisayen da ke zaɓar kitsen wuri ɗaya ya narkar. Zai ɗaure cikin, tsayuwarka ta miƙe, amma tumbi abinci ne da tafiya ke sauke shi. Ka duba lemon kwalba da cokalin suga nawa ke shiga shayinka, da malmala nawa kake ci da dare kafin ka kwanta. Kuma don Allah a daina sayen shayin rage ƙiba da bel ɗin ɗaure ciki, asarar kuɗi ce.

Tambaya: Ai sallah ma motsa jiki ce, ga kuma aikin gida. Ba su isa ba?

Amsa: Sallah ibada ce, mu bar ta a matsayinta. Ruku'u da sujada suna motsa gaɓoɓi, gaskiya ne, amma ba sa sa zuciya ta yi aikin da ake nema. Ita kuwa shara da wanki a sunkuye, su ne ma suke jawo wa wasunku ciwon bayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke ɗan sa haki, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ku lura, abu biyu ne. Pilates yana cike gurbin na biyun ne kawai, shi ma ba duka ba. Na farkon kuwa ƙafa ce: minti talatin na tafiya da sauri, kwana biyar. Wanda ke Tudun Wada ya sauka daga keke Napep kafin ya kai inda za shi ya ƙarasa da ƙafa. Wanda ke kusa da jami'a ya zaga cikin haraba da sassafe. Wanda ya sauya gudu da tabarma ya kuma daina tafiya, ya yi ragi, bai yi canji ba.

Tambaya: Malama, ni shekaruna 54. Al'ada ta ɗauke, na haihu takwas, bayana yana ciwo, gwiwa ta sa a kujera nake sallah, kuma ina shan maganin hawan jini. Zan iya?

Amsa: Hajiya, a nan ba zan ce miki e kai tsaye ba, ba kuma zan ce a'a ba. Mai yiwuwa za ki iya, mai yiwuwa ma ke ce kika fi kowa bukatarsa, amma sai an san irin ciwon da ke bayan nan tukuna, kuma ba ni ce zan gano shi ta waya ba.

Akwai ciwon bayan da ba a kai shi tabarma ko kaɗan. Idan yana tafe da zazzaɓi ko gumin dare ko rama ba dalili, idan yana tashinki daga barci ko kin juya ba ya lafawa, idan ƙafa ɗaya tana mutuwa ko tana ja, idan tsakanin cinyoyi ya dushe ba kya jin taɓi, idan fitsari ko bayan gida ya fara ƙwace miki ko ya ƙi fita, ko kuma ciwon ya fara ne bayan faɗuwa, to asibiti za ki, ba wurina ba. Wasu daga cikin waɗannan ba sa jiran gobe. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana zuwa ne kamar ciwon baya na yau da kullum har sai ya yi ɓarna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi. Ki je a duba ki, ki tambaye su da bakinki wane motsi aka yarje miki, wanne aka hana.

Idan an duba an ce ciwon baya ne na gama-gari, irin wanda ya daɗe yana zuwa yana tafiya, to kwanciya ba ta maganinsa, motsi ne ke taimakonsa. Wani babban nazari da ya tattara bincike-binciken da aka yi kan haka a 2015 ya nuna Pilates ya fi zama haka nan wajen rage ciwon, amma bai nuna ya fi sauran atisaye ba. Ke nan kada ki ɗauke shi wani sirri. Idan mai gashin ƙashi ya ba ki wasu motsin daban, ki bi nasa.

Sai batun ɗaukewar al'ada. A shekarun da ke biyo bayanta ƙashin mace yana saurin zaizayewa saboda raguwar sinadarin isturojin, kuma ba ya ciwo sai ranar da ya karye. Wannan ya shafi Pilates sosai, domin da yawa daga motsinsa na asali naɗe baya ne: a kwanta a ɗago kai da kafaɗu, a mirgina a kan gadon baya, a sunkuya a murɗa. Ga mai raunin ƙashi waɗannan suna iya danne ƙashin baya ya tsage. Idan tsawonki ya ragu, ko bayanki ya fara rankwafawa, ko kin taɓa karyewa a 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ki bar duk motsin naɗewa har sai likita ya auna. Ko ba ki ga waɗannan alamun ba, ni dai a shekarunki na fi son a fara da motsin da baya ke zama a miƙe.

Haihuwa takwas kuma tana da nata. Wasu matan tsokar cikinsu tana rabewa a tsakiya. Ki kwanta rigingine ki ɗan ɗago kai. Idan kika ga tsakiyar cikin ya taso kamar tudu daga cibiya, to motsin ɗago kai ba naki ba ne yanzu. Haka idan fitsari yana ɗan zubo miki lokacin tari ko atishawa. Wannan ba abin kunya ba ne, mata da yawa suna fama da shi suna ɓoyewa, kuma atisayen matse tsokar ƙasan mara yana taimakawa ƙwarai idan an dage watanni.

Hawan jini: ki sha maganinki, ki auna kafin ki fara. Idan awo ya kai 180/110 ko ya haura, ranar ba ta atisaye ba ce, ta ganin likita ce. Kada ki riƙe numfashi kina yunƙuri, yana ɗaga jini nan take. Kuma kada ki zabura ki miƙe daga kwance, ki juya gefe, ki zauna, ki ɗan jira, don wasu magungunan suna kawo jiri. Ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe, ki tsaya, a kai ki asibiti.

Gwiwa kuwa, tunda durƙuso yana ba ki wahala, ki bar duk motsin rarrafe. Ga abin da zan fara ba mace irinki idan likita ya amince. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ki ja numfashi haƙarƙari ya buɗe, ki sake shi kina ɗan janye mara ciki. Daga nan ki ɗaga ƙugu a hankali ki sauke, sau takwas. Ki juya gefe ki ɗaga ƙafar sama kaɗan ki sauke, sau takwas kowane gefe. Ki zauna a kujera ki miƙe ki koma ba tare da dafa gwiwa ba, iya yadda kika iya. Idan sauka ƙasa shi ne matsalar, ki yi a kan gado mai tauri. Wasu ƙarfin cinya yana dawo musu har su koma sujada a ƙasa, wasu ba sa komawa saboda gaɓar ta riga ta cinye. Ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba.

Abu ɗaya kuma da zan yi miki faɗa a kai tun kafin ki faɗa mini: haɗin maganin ciwon jiki na kemis. Irin su diclofenac idan aka daɗe ana sha suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, suna jawo gyambon ciki. Kada ki haɗiye su don ki samu damar yin atisaye.

Tambaya: Sai na sayi na'urar nan mai kama da gado da ake Pilates a kanta?

Amsa: A'a. Littafin da shi mai tsarin ya fitar a 1945 motsi 34 ne a ciki, duka a ƙasa ake yin su. Tabarma da bargo a ninke sun isa. Katifa mai laushi ce ba ta yi ba. Kaya kuma duk wanda ba ya takura ki, a ɗakinki kike.

Tambaya: Da azumi fa?

Amsa: A rage, kada a daina. Minti goma sha biyar dab da buɗa-baki, ko bayan asham idan abinci ya faɗa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya yi da azumi a bakinsa sai da shawarar likitansa, suga na iya faɗuwa. Rawar jiki da gumi mai sanyi da duhun gani alama ce, ba a yi mata taurin kai.

Tambaya: Na yi kwana biyu jikina ya yi tsami, na bari.

Amsa: Tsamin da ke zuwa washegari ya wuce cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne, tsoka ce ta farka. Ki rage, ki ci gaba. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne ciwo mai suka, ko mai harbawa zuwa ƙafa, ko gwiwa ta kumbura.

Tambaya: Na kai sittin, Malama. Ban makara ba?

Amsa: Ba ka makara ba, Baba, kwantar da hankalinka. Tsoka tana amsa horo har a jikin masu shekara tamanin. Kai ma ka fi bukatar ƙarin abu ɗaya: atisayen daidaita tsayuwa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar yin sa kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa. Ka tsaya kusa da bango, ka dafa shi da hannu ɗaya, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ƙirga goma, ka sauya. Da hunturu ka bari rana ta fito ƙura ta lafa kafin ka fita tafiya, musamman idan kana da asma. Da bazara kuma, a Maris da Afrilu, ka yi tafiyarka bayan asuba ka riƙe gorar ruwa.