Haɗa mariƙin bakin kabaid na makharaɗa (injin da ke juya ƙarfe ana fere shi) da hannunka

Yaran da ke koyon aiki a warsharmu, wato shagon aikinmu, nan Sana'iyya ta Jidda kullum tambayoyinsu kenan, to bari in amsa gaba ɗaya.

Wai mutum zai iya haɗa mariƙin da kansa, ko dole sai na kamfani?

Zai iya mana. Mariƙin, da Larabawa ke ce wa ƙalam, ai sandar ƙarfe ce mai kusurwa huɗu da aka fafe wa gurbi a ƙarshe, inda ake ɗaura ɗan bakin da ke yanka. Samo ƙarfe mai ƙwari irin 4140, kaurinsa daidai da maɗaurin injinka. Don Allah ban da rodin gini.

Wane baki zan fara da shi?

CCMT, haruffan da ke nuna nau'in bakin kenan. Duba harafi na biyu, C ɗin nan yana nufin gefensa ya zo da zamiyar digiri 7, shi ya sa yake zama kwance abinsa a gurbi. Nau'in CNMG kuwa N ɗin na nufin zamiyar sifili ce, sai ka karkata gurbin ƙasa kamar digiri 6, in ba haka ba gefen zai yi ta gugar aiki maimakon yanka, ga shi ƙaramin inji ba ya jure shi.

Me ya sa bakina ke ɓallewa tun bai yi aiki ba?

Nan fa maganar take, ƙanena. Kabaid garin haɗin tungustan da kabon ne da aka haɗe da ƙarfen kobal aka gasa, tauri kam akwai, amma halin tangaran gare shi, ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage. Kwanaki wani yaro ya kawo min nasa yana cewa bakin jabu aka sayar masa, na ɗaga mariƙin saitin fitila sai ga haske na leƙowa ta ƙarƙashin bakin, ashe gurbin ne bai kwanta ba. Ƙasan gurbi ya zama sumul, ka huda ɗan rami a lungun don kusurwar bakin ta samu wurin shiga, sannan ramin sukurun ka matsar da shi wajen bangon gurbin kamar milimita 0.1, yadda in ka ɗaure zai ja bakin ya manne da bangon biyu. Wannan ɗan matsarwar ita mutane suka fi mantawa.

Aiki na kuka yana karkarwa, mene ne?

Ka zuro mariƙin da yawa ne. Kar ya wuce kaurinsa sau ɗaya da rabi. Tsinin kuma ya tsaya daidai tsakiyar aiki: matse siririn rula tsakanin tsinin da ƙarfen a hankali, in ta miƙe tsaye ka dace, in samanta ya karkato wajenka tsinin ya yi ƙasa, sai ka sa masa ɗan falle a ƙarƙashi.