Bishiyar turare: tambayoyin da ake yi kafin a dasa ta

Da ruwan fari ya sauka a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, masu renon itatuwa sukan jera dashe a bakin titi cikin baƙaƙen ledoji: darbejiya, mangwaro, gwaiba, sai wata siririya mai dogayen ganyaye, wadda in ka murza ganyenta a hannu za ka ji ƙamshi irin na man zafi. Ita ce turare. Mutane na son ta don saurin girma, kuma yawancin rigimar da ake yi a kanta daga saurin nan take tasowa.

Daga ina ta zo?

Asalinta Ostireliya ce, inda danginta suka haura iri 700. Wadda ta fi karɓar ƙasarmu ita ce Eucalyptus camaldulensis, mai farin jiki da ɓawo yana saɓulewa falle-falle. A can gida bakin koguna take bi, musamman kogin Murray, kuma tana iya kai mita 40. Wani masanin tsirrai, Friedrich Dehnhardt, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1832, daga wadda ya gani a wani lambu kusa da birnin Naples na Italiya. 'Yar gida ɗaya ce da gwaiba da kanumfari da malmo ɗin da ke fitowa a bakin rafukanmu.

Me ya sa aka yi ta dasa ta a nan?

Saboda buƙatar itace ta fi ƙarfin daji. Habasha ma haka aka yi: Sarki Menelik na Biyu ya sa aka kawo ta Adis Ababa wajen 1895, da itacen girki ya yi wa birnin wuya. A Kamaru tana cikin itatuwan da aka saba gani a gandayen gwamnati, kuma yaƙi da hamada, irin shirin Sahel Vert da aka farfaɗo da shi a 2008, ya ƙara sa jama'a sabawa da dashe. A Chadi kuwa, hana gawayi da aka yi a Njamena a 2009 ya nuna wa kowa tsadar makamashi. Ga shi akuya ba ta damu da ganyenta ba, abin da duk wanda ya taɓa kewaye dashen mangwaro da ƙaya ya san darajarsa.

Da gaske ne tana shanye ruwan ƙasa?

Tana sha, kuma ba kaɗan ba. Bishiyar da ba ta zubar da ganye da rani, tana kuma ƙara tsawo kowace shekara, dole ta nemi ruwa wata goma sha biyu. Saiwarta kashi biyu ce: wata ta nutsa ƙasa, wasu su bazu a sama-sama nesa da gindi. Har an taɓa amfani da wannan hali da gangan: a ƙarni na 19 an dasa turare a fadamun da ke kusa da birnin Rum na Italiya don su tsotse ruwan da ke kawo zazzaɓi.

Sai dai a duba wuri. Gaundare tana samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, Njamena kuwa ba ta cika wuce 600 ba. Gandun turare a tudun Adamawa bai zama lalle ya dami kowa ba. Irin wannan gandun a gefen rijiyar ƙauye a jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, wata magana ce daban. A ganina masu cewa turare ita ce ke kawo fari sun yi zurfi, amma mai lambun albasa da ya ce ba ya son ta kusa da rijiyarsa yana da gaskiya, kuma bai kamata a tsaya jayayya da shi ba.

Zan iya sa ta a tsakar gida don inuwa?

Ni dai ba zan ba da wannan shawara ba. Da farko inuwar ba ta da kauri, domin ganyen rataye yake yana kallon ƙasa, rana na ratsawa. Wanda ya zauna ƙarƙashin darbejiya a watan Afrilu a Marwa ba zai yarda a kira wannan inuwa ba. Sannan tana da halin yar da babban reshe ba zato, ko iska ba ta kaɗa ba, balle guguwar farkon damina. Saiwar kuma ruwa take bi, to ina ruwa yake a gida? Bututun famfo, kwata, ramin bayan gida. In filin makaranta ne ko bakin hanya mai faɗi, layin turare yana da kyan gani, yana kuma tare iska da ƙura. A bar aƙalla mita 15 tsakaninta da gini.

Gona fa?

Dawa ko gyaɗar da ke dab da layin turare takan fito a tsumbure. Gasar ruwa ce babban dalili, ga kuma busasshen ganyen mai maiƙo da ba ya saurin ruɓewa, yana danne ƙananan tsirrai. Wannan ya bambanta ta da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki. A ƙasar masakwa, inda amfanin ya dogara kacokan ga laimar da damina ta bari, kusantar da turare ganganci ne. Kuma in za a dasa a kan iyaka, a yi magana da maƙwabci tun tana cikin leda, don saiwa ba ta san iyaka ba.

To ina ribarta?

A sanda take. Turare na miƙewa sambal, shi ya sa magina ke tokare rufin kankare da ita, ana kafa rumfa da shinge da ita, ragowar a yi girki. Babban abin shi ne in an sare ta ba ta mutuwa: kututturen yakan yi toho da yawa, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran, bayan 'yan shekaru a sake sara. Dashe ɗaya, girbi da yawa. Wanda ke da tudu mai tsakuwa da ba ya noma, nesa da rijiya, ya sami abin sa masa. Ana barin kamar mita 3 tsakanin kowace biyu. Masu amya ma suna amfana, domin ƙudan zuma na son furenta.

Me ke kashe ta tana ƙarama?

Gara. Takan ci saiwar ta ƙasa, ka ga dashe kore shar yau, bayan kwana kaɗan ya bushe a tsaye. A dasa da wuri, da damina ta kankama, don ta kama ƙasa kafin rani, a guji gindin suri, a kuma share ciyawa kewaye saboda gobarar daji.

Ganyenta magani ne?

Sirace da ganyen yana buɗe hanci in ana mura, abin da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Man da ake tatsa daga ganyen kuwa, wanda ake sayarwa a 'yan kwalabe, guba ne in aka sha, kuma kaɗan ya isa ya jefa ƙaramin yaro cikin haɗari. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kai. Sirace kuma ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro: in jiki ya yi zafi, a je a yi gwajin jini.