Feryal Abdelaziz da zinaren karate na Tokyo: tambayoyi da amsoshi

Wace ce Feryal Abdelaziz?

'Yar Alƙahira ce, an haife ta a shekarar 1999. A Masar an fi kiranta Feryal Ashraf. Tun tana ƙarama ta shiga karate, ta kuma haɗa wasan da karatun haɗa magunguna a jami'a. Ranar 7 ga Agustan 2021, a birnin Tokyo na Japan, ta zama mace ta farko a tarihin Masar da ta ci lambar zinare a gasar Olamfik.

Wace irin karate take yi?

Karate ta gasa kashi biyu ce. Akwai kata, inda ɗan wasa shi kaɗai yake nuna jerin motsin kai hari da na kare kai, alƙalai su ba shi maki. Akwai kumite, wato karawar mutum biyu gaba da gaba, kuma nan Feryal take. Naushi mai tsabta maki ɗaya ne, ana ce masa yuko. Shuri a jiki maki biyu, shuri a kai maki uku. Ba ƙarfin bugu alƙalai suke nema ba, sauri da iya riƙe hannu suke dubawa, domin wanda ya wuce gona da iri hukunci yake sha.

Yaya aka yi ta ci zinaren?

Wannan ne wurin da ya fi burge ni. A gasannin duniya mata suna da rukunin nauyi biyar, amma a Tokyo aka matse su zuwa uku. Feryal ta saba karawa a rukunin da bai wuce kilo 68 ba, sai ga ta a rukunin sama da kilo 61 wanda ba shi da iyaka ta sama, tare da matan da suka fi ta tsawo da nauyi. Mutum goma ne kacal, an raba su gida biyu, kowacce ta kara da 'yan gidanta, biyun farko su wuce.

A wasan kusa da na ƙarshe ta doke Sofya Berultseva ta Kazakistan da kyar, 5 da 4. A na ƙarshe, a zauren Nippon Budokan, ta haɗu da Irina Zaretska ta Azarbaijan, wadda ta ci kofin duniya a 2018. An daɗe ana zagayen juna babu maki, kowacce tana jiran kuskuren 'yar'uwarta. Sai da lokaci ya kusa cika Feryal ta kai naushi biyu masu kyau, aka tashi 2 da nema. Haƙurin da ta yi a waɗannan mintuna ya fi naushin kansa wuya, ga yarinya mai shekara 22 da ƙasa guda take kallo.

Ita kaɗai ce ta Masar a karate?

A'a. Giana Farouk ta riga ta suna, ta ci kofin duniya a 2014 da 2016, kuma ta samu tagulla a Tokyo kwana ɗaya kafin zinaren Feryal.

Me ya sa Misirawa suka ɗauki abin da girma haka?

Kafin nasarar Feryal, rabon Masar da zinaren Olamfik tun 2004, lokacin da Karam Gaber ya ci kokawa a Atina. Mata kamar Hedaya Malak a taikwando da Sara Ahmed a ɗaga nauyi sun kawo tagulla daga Rio a 2016, amma zinare bai taɓa shiga hannun mace ba. Feryal kuma ta kara da kanta a lulluɓe, abin da hukumar karate ta duniya ta amince da shi tun 2013. Iyayen da suke jin tsoron wasa zai raba 'yarsu da sutura ko da boko sun ga mai ɗankwali, ɗalibar jami'a, ana buga mata taken ƙasa.

Za ta kare kambunta?

Babu hali, kuma abin yana da ciwo. Tokyo ce karo na farko da aka sa karate a Olamfik, saboda Japan ce mai masaukin baƙi kuma tushen wasan yana tsibirinta na Okinawa. Paris ba ta sa shi a 2024 ba, Los Angeles ma ba ta sa shi a jerin wasannin 2028 ba. 'Yan matan da suka shiga karate saboda Feryal suna da gasar Afirka da ta duniya a gabansu, amma a yanzu babu hanyar da za ta kai su inda ta tsaya a Budokan.